Wata bakwai muna yawon asibiti da Halifa, an ce tawakkalina ne ya yi rauni

Maman Halifa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci ƙarfina.

Ɗana shekararsa biyar. Tun bayan ƙaramar salla zazzaɓi ya sa shi gaba, ba mai zafi can ba, sai la'asar ta yi jiki ya ɗau ɗumi, cikin dare kuma ya yi ta gumi har sai na sauya masa riga. Yaron da ke tashi da kwanon tuwo ya nemi ƙari, yanzu loma uku sai ya ture. Wandon makarantarsa sai da na rage masa ƙugu sau biyu. Wata uku da suka wuce wani ƙullutu ya fito masa a wuya, ƙasan kunnen dama, kamar ƙwallon dabino, ba ya yi masa zafi. Yanzu sun zama uku, sun manne da juna.

Maganin maleriya mun sha sau biyar. Na taifot sau uku, har da allurai da ƙarin ruwa. Daga kemis zuwa asibitin unguwa, zuwa asibitin kuɗi biyu, kowa da sunan da zai kira mana. Keken ɗinkina na sayar. Ta ɗaya ɓangaren ma ba mu zauna ba: tofi, rubutu, zuma da habbatussauda, ruwan zamzam da maƙwabciyata ta kawo daga Umra, an yi sauka, an yi sadakar ƙosai Juma'a bakwai.

Makon jiya muka samu ganin likitan yara a babban asibiti. Ya ce a yi hoton ƙirji, sannan a sa siririyar allura a cikin ƙullutun a zuƙo abin da ke ciki a auna. Da muka dawo gida Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce ba da jikanta ba. Ta ce daji ne, daji kuma ba ya son ƙarfe. Sai ta dube ni ta ce, "Ke matsalarki ba ki da tawakkali, kin mai da likita abin dogaro, yau kina nan gobe kina can kamar wadda ba ta san akwai Allah ba."

Wallahi maganar nan ta soke ni, domin ina tsoron ko akwai gaskiya a ciki. Ina tashi ƙarfe uku na dare na yi alwala, na hau sallaya, sai bakina ya mutu. Addu'o'in da na haddace tun ina Islamiyya duk su gudu. Shekaranjiya ina sujada na ji na ce, "Ya Allah, me ya sa shi? Me ya yi?" Tun daga lokacin gabana ke faɗuwa.

Don Allah ku gaya mini gaskiya. Na yi saɓo ne? Kuma wannan yawon neman sunan ciwo da nake yi, rashin yarda da ƙaddara ne?

Hajiya Baraka:
Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, sannu. Allah ya tashi kafaɗun Halifa. Ni tsohuwa ce, kuma suruka ce, bari na ari bakin Hajiyarku kaɗan. Ba ƙin ki take yi ba, tsoro ne. Mu da muka kwana biyu a duniya kowaccenmu tana da wanda ta sani da aka kai asibiti aka taɓa shi da ƙarfe, bai yi wata biyu ba aka kai shi makwanci. Abin da ba a gaya mana shi ne sai da ciwon ya gama cin mutum kafin a kai shi. Kada ki yi sa-in-sa da ita. Amma kalmar da ta gaya miki ta yi nauyi, wannan kam ba zan kare ta ba.

Abu Ammar:
Allah ya ba shi lafiya. 'Yar uwa, shawarata ki yawaita istigfari a kan wannan kalma ta "me ya sa". Allah ba a tambayarsa a kan abin da ya aikata, mu ne ake tambaya. Sannan ciwon da likita biyar suka kasa gane kansa, ya kamata mutum ya yi tunanin wani abu daban. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ya tabbatar. Sammu ma akwai shi. Ki nemi mai ruƙiyya na sunna kafin a kai ga huda wuyan yaro.

Maman Halifa:
Malam, an yi ruƙiyya sau biyu, bai ko motsa ba, barci ma ya yi. Istigfari kuwa ina kai. Na gode.

Malam Sani Mai Littattafai:
Abu Ammar, Allah ya saka da alheri, amma ka yi wa baiwar Allah nan sauri. Akwai bambanci tsakanin wanda ya tsaya yana tuhumar hukuncin Ubangiji da uwar da ta kifa goshinta a ƙasa ƙarfe uku na dare, kalma ta kuɓuce mata saboda zafin zuciya, ta kuma kwana biyu tana jin tsoron abin da ta faɗa. Wannan tsoron daga ina ya fito in ba daga imani ba? Wa ta je ta kai wa kukan? Boka? A kan sallaya take.

Maman Halifa, ki buɗe Suratu Yusuf aya ta 86. Annabi Yaƙubu, wanda ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce da 'ya'yansa shi Allah kaɗai yake kai wa ƙarar baƙin cikinsa da damuwarsa. To ki duba ayar da ke biye, ta 87. Bai ce mu zauna mu jira ba. Cewa ya yi ku tafi ku nemo labarin Yusufu da ɗan uwansa, kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. Kuka da nema, aya biyu a jere, daga bakin annabi guda.

Amma wadda na fi so ki riƙe ita ce Nana Hajara. Da Annabi Ibrahim ya bar ta a kwarin Makka da jariri, ta tambaye shi ko Allah ne ya umarce shi, ya ce e, ta ce to ba zai tozarta mu ba. Akwai tawakkalin da ya wuce wannan? Amma da ruwan salka ya ƙare, ta ga Isma'ila yana murƙususu, sai ta miƙe ta hau Safa, ta sauko da gudu ta hau Marwa, ta dawo, har sau bakwai. Yau tana nan, jim kaɗan tana can. Da akwai mai kallo da sai ya ce matar nan ba ta da natsuwa. Allah kuwa ya ɗauki wannan gudun na uwa mai neman abin da za ta ceci ɗanta da shi, ya mai da shi ibada, duk alhajin da ya je sai ya taka sawunta. Ruwan bai fito a Safa ba, bai fito a Marwa ba, a wurin da yaron yake ya fito. Amma sai da ta yi gudun.

Abu Ammar:
Malam Sani, ban ce kada a nemi magani ba. Abin da nake tsoro shi ne zuciya ta rataya ga sababi ta manta da Mai sababi. Mutanenmu yanzu da an ce gwaji sai ka ga kamar an saukar da wahayi.

Malam Sani Mai Littattafai:
Wannan tsoron naka daidai ne, kowa ya binciki zuciyarsa. Sai dai mai rataya ga tofin wani malam shi ma ga sababi ya rataya, ba asibiti kaɗai ke da wannan haɗarin ba. Hadisin Buhari ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da waraka, a ruwayar Ahmad aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Ka ga ke nan akwai sani a cikin lamarin, sanin kuma nemansa ake yi. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ciwon Halifa ƙaddara ne. Likitan da ya ce a auna shi ma ƙaddara ne.

Sista Rakiya:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha shida a ɗakin yara. Ba zan kira sunan ciwo daga waya ba, ba na ganin yaron. Amma Maman Halifa, ki saurare ni da kyau.

Likita biyar ba su "kasa" ba, Malam Abu Ammar. Ba a yi gwajin da ya dace ba ne tukuna. Gwajin taifot ɗin da aka fi yi a ƙananan wurare, wanda ake kira Widal, yakan nuna akwai ciwo a jikin wanda ba shi da shi, shi ya sa rabin gari ke yawo da "taifot". Yaro kuma yana iya samun ƙwayar maleriya a jini alhali wani abu ne daban ke cin sa a ƙasa.

Zazzaɓin yamma na watanni, gumin dare, rama, da kaluluwar wuya marar zafi da ta manne: abubuwa kaɗan ne likita zai so ya tantance. Akwai tarin fuka, wanda ba a huhu kaɗai yake zama ba, yana kama kaluluwar wuya, kuma a yara wannan ba baƙon abu ba ne, ko da yaron ba ya tari. Akwai sankarar kaluluwa. Akwai wasu cututtukan da ke raunana garkuwar jiki, shi ya sa za su nemi gwajin ƙanjamau, kada ki ji haushi, kowa ake yi wa. Maganin kowanne daban yake da na ɗan uwansa, ido kuma ba ya raba su. Allurar nan siririya ce, ba yanka ba ce, minti kaɗan an gama, ba ita ke sa ciwo ya bazu ba. Abin da nake roƙonki kada a yi shi ne sakiya a gida ko a kai wa wanzami ya tsaga. Wannan yakan bar gyambon da zai yi ta tsiyaya wata da watanni.

Tambaya ɗaya: a cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, akwai wani babba mai tsohon tari da ya zauna da ku? Kuma yana shan nonon shanu da ba a dafa ba?

Maman Halifa:
Sista, gabana ya faɗi. Baffan maigidana ya zo daga ƙauye jinya bara, ya yi wata biyu a ɗakin zaure yana tari, Halifa ne ɗan aikensa, tare suke cin abinci. Ya koma gida ya rasu da damina. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan.

Sista Rakiya:
Ki gaya wa likitan wannan da bakinki, kafin komai. Allah ya jiƙan Baffa.

Baban Zainab:
Ni daga ƙasar Anka nake a Zamfara, kuma ba na iya karanta irin wannan na wuce. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukanmu da na Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai a wayi gari babu shi. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sanƙarau, aka yi ta ba da maganin maleriya. An yi addu'a, wallahi an yi, ban taɓa ganin an yi salla da kuka irin na lokacin ba. Yara sama da 400 suka tafi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka ɗebi jini aka auna, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Da aka san sunan abin, aka kankare ƙasar gidaje, aka ba yara maganin da ke fitar da gubar, sai mutuwar ta ja baya. Ni a wurina amsar addu'ar da muka yi ce ta zo a cikin kwalbar jini. Ɗan ƙanena yana cikin waɗanda ba su kai lokacin ba. 'Yar uwa, ki bari a auna.

Mama Saratu:
Ni Kirista ce daga Wusasa, ina fata ba za a ga na yi shisshigi ba. Uwa dai uwa ce. 'Yata ta yi shekara biyu tana faɗuwa kafin a ce mana farfaɗiya ce, kuma a coci ma an gaya mini bangaskiyata ce ta yi kaɗan. A cikin Linjila akwai wani uba da ya kawo ɗansa mai irin wannan faɗuwa, ya ɗaga murya ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ba a kore shi ba. Daren da na kasa addu'a, wannan kaɗai nake maimaitawa. Yau yarinyar tana shan maganinta, tana aji biyar a sakandare. Zan sa Halifa a addu'a.

Hajiya Baraka:
Ba shisshigi Saratu, zauren na iyaye ne. Mun gode.

Inna Hadiza Maraɗi:
Sannunku. Ni tawa ɗiyar ba a taɓa gano abin da ke damunta ba. Shekara tara ke nan. Mun je likita nan Maraɗi, lokotoro ya ce mu wuce Yamai, kuɗin mota ya gagara, muka ce sai an sayar da gero. Kafin kaka ta rasu. Na yarda kwananta ne ya ƙare, ko Yamai muka je sai ta tafi ranar da aka rubuta. Wannan ban taɓa shakka ba. Amma har gobe in na ga yarinya mai irin shekarunta sai na ce mene ne ya ci ta? Ba ni da sunan da zan kira. Ke da aka buɗe miki ƙofa, ki shiga.

Abu Ammar:
Allah ya jiƙanta Inna, ya sa mai ceto ce. Maman Halifa, in maganata ta farko ta ƙara miki nauyi ki yafe ni. Ina nan a kan cewa kada a bar azkar da tofi safe da yamma, ke da kanki ma kina iya yi masa, Fatiha da Falaƙi da Nasi. Amma ban hana gwaji ba.

Maman Halifa:
Babu komai Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ina karantawa ina hawaye. Saura matsala ɗaya: maigidana ya yarda a zuciyarsa, amma ba zai iya tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Ni kuma ba na so na ɗauki yaro a ɓoye.

Hajiya Baraka:
Kada ki kuskura ki yi a ɓoye, in wani abu ya faru ke za a ɗora wa har abada. Kuma kada maganar ta fito daga bakinki, ba za ta ji daga suruka ba. Wa take jin nauyi? Yayanta namiji, ko limamin unguwarku, ko wata aminiyarta da ta je Hajji da ita. Maigidanki ya je ya same shi ya yi masa bayani. Sannan ranar zuwa asibiti ku tafi da ita. A ba ta girmanta, ta zauna gaban likita ta yi tambayarta da kanta, ta ga allurar da idonta. Tsohuwa in aka mai da ita 'yar kallo sai ta zama dutse a hanya, in aka ce ita ce jagora sai ta riga kowa shiga mota.

Malam Sani Mai Littattafai:
Batun bakin da ke mutuwa a kan sallaya kuma, kada ki matsa wa kanki sai kin jero dogayen addu'o'i. Ta Annabi Ayyuba a Suratul Anbiya aya ta 83 gajeriya ce: cuta ta shafe ni, kai ne mafi jin ƙan masu jin ƙai. Bai ma faɗi abin da yake so a yi masa ba. In ita ma ta gagara, ki zauna kawai. Wanda kika tashi dominsa ya san abin da ya tashe ki.

Maman Halifa:
Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha tara da rubutuna na farko, na ga saƙonninku na tambaya, ku yi haƙuri ban samu zama ba.

Mun bi shawarar Hajiya Baraka. Kawun maigidana ne ya yi wa Hajiya magana, ta ce za ta je amma in ba ta gamsu ba za ta ɗauko jikanta ta fito. Ta yi wa likita tambaya ta fi goma, shi kuma bai ƙosa ba. Da aka zo sa allurar ita ce ta rungume Halifa a cinyarta tana karanta Ayatul Kursiyyu a kansa, ni ina bakin ƙofa na kasa kallo.

Sakamako ya fito ranar Talata. Tarin fuka ne na kaluluwa. Ba daji ba ne, gwajin ƙanjamau ma babu komai. Da likita ya faɗi sunan sai na ji ƙafafuna sun saki, na durƙusa a nan ofishinsa na yi sujada. Wata mata a layi ta zaci mummunan labari aka ba ni, ta zo tana ba ni haƙuri, na rasa yadda zan gaya mata cewa wata bakwai nake neman wannan kalmar. An auna nauyinsa, kilo goma sha uku, an ba mu magani kyauta, ko sisi ba mu biya ba. An ce a kawo ƙanwarsa mai shekara biyu da duk mutanen gidan a duba su, an kuma ce a aika ƙauye gidan marigayi Baffa su ma su je. Hajiya ce ta ce ita za ta je ƙauyen da kanta.

Ba ta janye maganar da ta gaya mini ba, ni ma ban tayar ba. Jiya dai da asuba ta leƙo ɗakina ta ce, "An ba shi na yau?"

Sista Rakiya, tambaya: yau kwana uku da fara maganin, fitsarinsa ya koma ja kamar ruwan lemo. Na tsorata.

Sista Rakiya:
Alhamdu lillahi! Kada ki tsorata, ɗaya daga cikin magungunan ne, rifampicin, yana rina fitsari, har hawaye da gumi wani lokaci. Ba jini ba ne. Abin da za ki sa wa ido shi ne idanunsa su yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje su feso masa. In kin ga ɗaya daga ciki ku koma asibiti a ranar, kada ki jira ranar da aka ba ku.

Ki narka ƙwayar a ɗan ruwa kaɗan, ya shanye duka da safe kafin karin kumallo. Nan da 'yan makonni zai fara cin abinci ya yi ƙiba, a nan ne mutane ke cewa ya warke su ajiye magani, ciwon kuma ya dawo da taurin kai. Galibi wata shida ne, wasu yaran da nasu bai yi tsanani ba wata huɗu, likitansa ne zai yanke, ba ke ba, ba Hajiya ba. Ƙullutun yana iya ɗan ƙara girma kafin ya sace, ki nuna musu amma kada ki karaya. Duk zuwa a sake auna nauyinsa, domin in ya ƙaru za a ƙara yawan ƙwayar. Ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, duk abin da ya samu ki ba shi, nono kuma a tafasa.

Ƙanwar tasa yaushe za ku kai ta?

Maman Halifa:
Ranar Litinin in sha Allahu. Yau ya ci rabin kwanon ɗanwake, ya ce a ajiye masa sauran.